Ƙofar da Yaya Ya Share

Tun da idon Baba ya fara hazo, Auta ce ke karanta masa littafi. Sai dai Auta a zuci ta iya karatu. Da ta buɗe baki sai murya ta hau rawa, ta tsallake layi, ta dawo. Baba bai taɓa yi mata faɗa ba. Wata rana dai ya ce, "Bar shi haka, Auta," kuma bai sake nema ba.

Likita ya ce in an ƙara wa haruffa girma zai iya gani da kansa. Shi ya sa Yaya, babban wanta da ke aiki a wani gari, ya aiko da firinta da wayar jona ta da akwatin intanet na falo. An jona, fitilarta ta kama, amma kwamfutar Auta ta ƙi ganinta. Har Umma ta fara ɗora farantin kofuna a kan firintar.

"Direban da ya kawo ta zai biyo da yamma," in ji Baba wata safiya. "A mayar wa yayanku kayansa. Karatu kuma na yi rabona."

In firintar nan ta fita, Auta ta san Baba ya rufe littafi ke nan.

"Baba, a ba ni zuwa yamman."

Ta zauna a ƙasa, kwamfuta a cinya, tana bin matakan tamkar mai taka ƙwai. Duk inda ta duba a wayarta magana ɗaya ce: a ƙirƙiri sabuwar ƙofa, wato hanyar da kwamfuta za ta bi ta netwok ta iske firinta, a zaɓe ta a jerin da zai sauko. Ta danna, jeri ya sauko, babu zaɓin. Ta kashe ta kunna. Ta tsayar da manhajar da ke jera aikin bugu, ta sake tayar da ita. Shiru.

Ta kira Yaya, don tsohuwar kwamfutarsa ce ya bar mata.

"Yaya, ka taɓa wani abu a cikinta kafin ka ba ni?"

"Tarkace kawai na share, don ta yi gudu. Ke dai bari sai na zo, kar ki ɓata abin da ba ki sani ba."

"Shi da shara!" Umma ta ɗaga murya daga kicin. "Wanda ya gyara mini kicin ya zubar har da murfin tukunya? Ce masa ina gaisuwa."

Auta ta kashe wayar. Ta ci gaba da bincike har ta gano: akwai wani ɗan guntun saiti a can cikin kwamfuta, in aka goge shi zaɓin ƙofar ya ɓace. Maganinsa a kwafo shi daga wata kwamfutar mai lafiya.

Wata kwamfutar ɗaya ce a gidan, tsohuwar ta Baba, da ke lulluɓe da zani a ɗakinsa. Ta tsufa, ba za ta ɗauki sabuwar firinta ba, amma hannun Yaya bai taɓa kaiwa kanta ba. Auta ta daɗe a bakin ƙofar ɗakin kafin ta yi sallama.

"Baba, ina son kalmar sirrin kwamfutarka."

"Na manta."

"Baba..."

"Wallahi bakina ya manta, Auta."

Ta yaye zanin, ta kunna, ta jawo masa kujera. Sannan ta ce, "To a tambayi hannun."

Baba ya yi mata wani irin kallo. Shekarunsa na aiki duk a kan tafireta ya yi su, a ofis. Ya zauna da ƙyar, ya lalubo madannan, ya jera yatsunsa. Bai ko dubi allon ba, sai ji ta yi kat-kat-kat, kwamfuta ta buɗe.

"Ikon Allah," ya ce a hankali, yana juya hannuwansa.

Ta kwafe guntun a filas, ɗan abin nan na ajiye fayil, ta zuba a tata, ta kashe ta kunna. Da jerin ya sauko, ga zaɓin nan zaune kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ta shigar da lambar da firintar ke nunawa a ɗan allonta, ta buɗe kwafin littafin tarihin da ke cikin kwamfutar, wanda suka tsaya a tsakiyarsa, ta ƙara wa haruffan girma har suka kusa kai ɗan yatsa, ta danna bugu.

Firinta ta yi gurnani, kofunan Umma suka hau kaɗawa.

"Kai! Ku sauke mini kayana!" in ji Umma.

Auta ta kai wa Baba takardar da ɗuminta. Ya matsa jikin taga, ya kawo ta kusa, ya ɗan ja ta baya. Leɓunansa suka fara motsi.

A waje aka yi hon. Umma ta leƙo. "Ga direba fa."

Baba bai ɗago ba.

"A ba shi ruwa ya sha, ya gaida yaron. Auta, wannan tazarar layin ta yi kusa, ba haka ake bugu ba. Gyara, ki kawo mini shafi na gaba."