Baiti Bakwai na Karen Labake

Ranar da aka binne Labake, karenta ya fara susa.

Mijinta Oyewusi bai kula ba sai da mako uku suka wuce. Tsohon malamin makaranta ne a Ogbomosho, kowa na kiransa Tisa. Ya karance littattafan da suka isa su cika ɗaki, bai taɓa cin karo da guda da ya ce mutum ya zauna da kare ba. Labake ce ta tsinto abin a bayan coci, ta raɗa masa suna Jeje, ta mutu ta bar masa.

Kunnuwan Jeje suka yi ja, tsakanin yatsunsa ya yi baƙi, yana tashin wari kamar ƙullun da aka manta a tukunya. Likitan dabbobi ya ce wata irin funfuna ce ta fata, mai son laima. Ya ba da man shafawa, abin ya lafa kwana goma, ya dawo da ƙarfinsa. Mai gidan da suke haya ya ce ƙarshen wata ko dai warin ya fita, ko karen.

Tisa ba ya son karen. Amma shi kaɗai ya rage a duniya da ke ɗaga kai duk lokacin da aka taɓa ƙofa, yana zaton ita ce.

A cikin littafin waƙoƙin cocinta ya sami takarda da rubutunta: a dafa ganyen darbejiya, a bari ya huce. A jiƙa kare. A yi waƙa ta ɗari biyu da sha ɗaya, duka. A ɗauraye. A yi addu'a a rana. Man kwakwa kaɗan.

Shekara talatin da takwas yana gaya mata Allah ba ya duba kunnen kare. Don haka ya yi aikinsa na malami, ya ɗauki jan biro ya soke waƙar da addu'ar, ya bar abin da ya kira ilimi. Kullum sai ya jiƙa Jeje, ya ɗauraye nan take, ya tura shi ɗaki. Warin ya ninku.

Saura kwana tara wata ya ƙare, yayar Labake, Mama Tinuke, ta zo da tuwon doya a kwano. Daga bakin ƙofa ta toshe hanci da gefen zaninta.

"Mijinmu, kai ne ko karen?"

"Mu biyu ne, Anti. Shigo ki zama ta uku."

Ta ga takardar a kan tebur, ta karanta, ta dube shi. "Ka gyara wa matacciya aikin gida? Maki nawa ka ba ta?"

"Na cire abin da ba shi da amfani."

"Da haka ne, da tuni ta cire ka. Ɗauko bokiti."

A tsakar gida suka jiƙa Jeje. Tisa ya kai hannu zai ɗauraye, ta doke hannun.

"Waƙa tukuna."

"Ni ban yarda da..."

"Ba a tambaye ka ba. Karen ne mai bi, kai ɗan riƙe bokiti ne. Buɗe baki."

Baiti bakwai ne, kowane da amshi, kuma mutanen cocinsu suna jan waƙa kamar ba su da wurin zuwa. Muryar Tisa ta fito kamar ana jan benci. Matar mai gida ta leƙo ta taga ta ce, "Ikon Allah! Tisa ya tuba!" Jeje kuwa, da jin baitin farko, ya zauna daram, ya daina karkaɗe jiki. Ya san waƙar.

A baiti na biyar Tisa ya saci kallon agogonsa. Da suka gama, minti goma sha ɗaya cif. Sai addu'a, Mama Tinuke ta ja su cikin rana, tana roƙo tana goge karen da tsohon zani, kunne da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa gwamna, ta yi wa direbobi, ta yi wa masu taurin kai. Kafin ta ce amin, gashin ya bushe ƙarau.

"Anti," ya ce, "ai wannan lokaci ne kawai. Waƙar tana ba ruwan ganyen damar ya ratsa fata, addu'ar kuma..."

"Mijinmu, kira shi abin da ka ga dama. Jibi ma baiti bakwai ne."

Yana iya amfani da agogo. Ya gwada sau ɗaya, Jeje ya tsere da ruwa a jiki ya shige ƙarƙashin gado. Dole ya koma waƙa.

Ƙarshen wata mai gida ya zo, ya shaƙi iska sau biyu, ya ce karen zai iya zama, amma don Allah a rage murya.

Tisa bai koma coci ba, har yanzu yana cewa Allah ba ya duba kunnen kare. Sai dai duk sanda ya kai baiti na huɗu, inda a da Labake takan ɗaga murya sama shi kuma ya rufe tagar ɗakin karatunsa da ƙarfi don ta ji, yakan rage murya, ya ja baitin a hankali. Bai taɓa gaya mata cewa bayan ya rufe tagar, ajiye littafin yake yi ya saurara ba.