Makaɗin 'Yar Italiya

Malam Maitama, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, mutum ne da ba ya kuka a makoki, amma yana yi kowace Juma'a bayan la'asar, a zaurensa, saboda wata mata da bai taɓa gani ba.

Matar tana cikin faifan garmaho ne. Wani injiniya ɗan Italiya da ya yi aikin hanya a yankin shi ya bar masa akwatin garmahon da faifai guda lokacin da zai koma gida, shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Bayan faifan duk ya goge, gefe ɗaya ke magana. A wannan gefen wata mace ke rera irin waƙar da mutanensu ke kira opera. Takan fara a hankali kamar mai lallashin jariri, sai ta ɗaga murya ta yi sama, ta ƙi saukowa har sai mai sauraro ya ji numfashinsa na neman ɗaukewa. Malam bai san ko kalma ɗaya ba, kuma bai damu ba. Ya ce baƙin ciki ba ya bukatar tafinta.

Alluran garmahon sun ƙare tun zamanin da jirgi ke zuwa a kan lokaci. Sai ya koma ƙayar aduwa, yana fiƙe ta da reza. Ita ma ba kowacce ba, sai ta Zurmi, wai ta Kaura tana sa matar mura.

Amma in ka zauna da shi, ba matar ya fi yabo ba. Makaɗinta ne. Tun daga farkon waƙar har ƙarshenta akwai wani ɗan sauti, tak, tak, tak, da ba ya gaggawa, ba ya lattin bugu. Malam ya taso cikin kiɗan kotso da kalangu, ya san mawaƙi ba ya fita ba makaɗi. Don haka ya yanke cewa wani bawan Allah ne zaune bayanta da 'yar sanda, ba ya neman suna, ba ya neman a gan shi, rakiya kawai yake mata. Duk saurayin da ya zo neman shawarar aure, sai Malam ya zaunar da shi ya saurari makaɗin nan, ya ce haka miji ke zama. Samarin su gyaɗa kai don a sallame su da wuri.

Ranar wata Alhamis ya ɗauki garmahon zuwa Shinkafi, wurin wani mai gyaran agogo, don wayar da ake wana shi da ita ta saki. An gyara lafiya. A hanyar dawowa ne kwandastan mota ya ɗora buhun gero a kan jakar da faifan ke ciki. Da Malam ya buɗe a gida, sai ya tarar da shi gida uku.

Bai yi faɗa ba, wanda shi ne abin da ya tsorata mutanen gidan. Juma'a biyu ya zauna a zaure bayan la'asar yana kallon akwatin. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Tun rasuwar matarsa Kulsumu ba a ga ya yi irin wannan shirun ba.

'Yarsa Laila, wadda ke koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta garin, ita ta haɗa gutsattsarin a kan tire, ta karanta rubutun da ke tsakiya, ta kwafa shi harafi bayan harafi a wayarta. Ba a yi minti biyar ba ta samo waƙar, matar nan dai, ɗaukar nan dai, sai dai masu gyara sun wanke ta tas. Ta zo da murnarta ta durƙusa gabansa ta kunna.

Muryar na fitowa Malam ya dafe ƙirji. Ita ce. Har ta fi kusa, kamar ta shigo zauren ta zauna. Idonsa ya kawo ruwa, Laila ta fara yi wa kanta kirari a zuci. Can sai ta ga ya karkata kunne, ya haɗa gira.

“Ke Laila, tsaida. Ina makaɗin yat tahi?”

Ta ce wane makaɗi. Ya kwatanta mata da baki, tak, tak. Laila ta duba gutsattsarin da ke kan tire, sai ga wani tsohon karce siriri, ya taso daga bakin faifan har tsakiya. Nan take ta gane. Duk zagaye ɗaya ƙayar sai ta yi tuntuɓe a kansa.

Ta so ta yi ƙarya, ta ce masu gyara ne suka cire shi. Amma ba ta saba yi masa ba. Ta nuna masa karcen, ta yi bayani a hankali, tana kallon tabarma.

Malam ya ɗauki guntun ya kai kusa da ido, ya shafa karcen da babban yatsa. Sai ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, ya ce ashe shekara arba'in yana aika samarin Kaura su yi koyi da tsagar faifai. Laila ta yi dariya ita ma, amma tausayinsa ya cika ta, don ta ga abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Aboki ya rasa, kuma an ce masa abokin bai taɓa wanzuwa ba.

Ya mayar da guntun kan tiren, sannan ya ce, “To ita kaɗai ta yi wanga kuka ke nan? Ba kowa bayanta?”

“Akwai masu goge, Baba.”

“Masu goge shagalinsu sukai. Maido ta hwarko.”

Ta mayar. Malam ya gyara zama, ya jawo tiren gabansa, ya kawar da gutsattsarin gefe. Matar na buɗe baki ya ɗora farcensa a bakin tiren, tak, tak, tak. Bai yi gaggawa ba, bai yi latti ba, hawaye na bin gemunsa, har ya kai ta ƙarshen waƙar.