Fuskar da Ke Ƙasan Bango

"Ka ce wa mai gyaran zanen bango ta fara ta ƙasa mana," in ji Baba Tela, yana tari. Na shigo juya shi a gado ke nan, taɓo bai ma bushe a ƙafata ba. Ya rame, sai kunnuwan nan nasa faka-faka.

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ni kuwa tun da ruwa ya janye nake kwasar taɓo da baro a tsohon ɗakin taron gari. A bangon ɗakin akwai zanen kasuwa, kuma can ƙasa, a kusurwa, an zana marigayiya matarsa tana budurwa, da kwando a hannu. Ambaliya ta tafi da hotunanta na gida. Wannan kaɗai ya rage masa, shi ma taɓo ya rufe.

Na gaya wa Anti mai gyaran zanen. Ta ce ƙasan bango ya fi shan ruwa, in ta taɓa shi da danshi, fuskar za ta biyo audugar da take gogewa da ita. Na ce likita fa ya sallamo shi gida, ba sauran magani. Ta ce duk da haka, sai ya bushe.

Na kai masa amsa ina jin nauyi, sai ya yi dariya.

"Bar ta ta bushe, ɗana. Dama kullum ita ce ta ƙarshe wajen shiri."

Unguwa ta ji labari. Mai aski ya kawo fankarsa, mai wanki ya ba da tasa, har ta ɗakin mahaifiyata sai da ta tafi. Anti ta jera su nesa da bango, kowace safiya ta dafa shi ta girgiza kai. Baba ya daina cin abinci, sai ruwa.

Ranar da ta ce ya yi, muka ɗauko shi har da kujerarsa, yara na biye da mu da tafi. Anti ta durƙusa da auduga a tsinke, tana murzawa a hankali. Goshi ya fito, sai ido, sai wushirya.

"To, kin gama shirin?" ya ce.

Ɗaki ya ɗauki dariya, Anti na share ido da kafaɗa.

A makon ya rasu, da hantsi. Allah ya jiƙansa.

Daga baya Anti ta kira ni in ga abin da ya fito a bayan budurwar. Wani saurayi ne siriri, da abin awo a wuya, kunnuwa faka-faka. Kowa a kasuwar, kaya yake kallo, shi ita yake kallo.