Sitiyarin Malam Dabo

Ranar Talata ce, bayan azahar. Mairo na tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo sai Ado, ƙanin mijinta, ya yi sallama ya shigo ba hula a kansa. Tana ganinsa haka ta aje rariya. Ya ce mijin nata, Malam Dabo, ya faɗi a ƙofar masallaci can Gobarau, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Motarsa ma tana nan inda ya aje ta.

Motar tsohuwar Fijo ce, fara, ta girmi duk 'ya'yansu. Shekara arba'in Malam na tuƙa ta. Sitiyarin ya tsage tun da daɗewa, ya kai wa wani baduku ya naɗe shi da jar fata. Kullum da safe sai ya lakato man kaɗe ya shafe fatar kafin ya tada mota. Wurin da babban yatsansa na dama ke zama har ya yi rami, fatar ta yi baƙi ƙirin.

Mairo ta shiga takaba. Tana da sati uku a ciki, babban ɗansu Sagir ya shigo yana murna.

"Inna, leƙo zaure ki gani. Na kai motar Baba gyara."

Ta leƙa. An wanke motar, tana ta ƙyalli. Amma a gaban kujerar direba wani ɗan sitiyarin roba ne, sabo fil, kamar faranti.

"Ina na babanku?"

"Ai ya ruɓe, Inna. Bakanike ya ce wata rana a hannuna zai karye."

"Ban tambaye ka ruɓewa ba. Ina yake?"

"Yana can gareji mana, Ƙofar 'Yandaka. In ba su yar ba."

Da za ta iya, a lokacin za ta zari mayafi. To, mai takaba ba ta fita don sitiyari. Saura mata wata uku da kwanaki, sai dai aike.

Ta aiki Sagir, ya dawo ya ce mai garejin ya tafi jana'iza Batagarawa. Ta sake aikensa, ya ce an ce za a duba. Ta roƙi Ado, ya kwashe da dariya.

"Haba matar Yaya, ana kukan mutum ke kina kukan ƙarfe?"

"Da ƙafata a sake take, Ado, wallahi da ban roƙe ka ba."

Ya je, ya dawo da wani sitiyari a buhu, yana cika baki. Ta ɗora yatsa a damansa. Sumul, ba rami.

"Mayar musu da kayansu."

"Duk ba zagaye ba ne?"

Tun daga nan, in ta ji 'yan gwangwan sun biyo layi suna cigiyar tsohon ƙarfe, sai ta ce a ranta ko sitiyarin Malam na cikin kayansu.

Ranar da ta fita takaba, mata suka cika gida ana jiran ta yi kwalliya ta zaga dangi. Ita kuwa ta ce Sagir ya tada mota. Ta zauna a baya, ta kau da kai har Ƙofar 'Yandaka.

Mai garejin, Malam Babaji, ya tare ta da doguwar gaisuwa da ta'aziyya. Ya rantse ya duba ko'ina. Tana sauraronsa idonta na yawo, har ya sauka a gindin bishiyar bedi inda randarsu ta ruwan sha take. Wani abu zagayayye aka girka randar a kai don kada ta tuntsure.

"Ɗaga min randar nan."

Aka ɗaga. Laima ta ci gefe guda na fatar, ta yi fumfuna. Mairo ta durƙusa ta juya shi, yatsanta ya faɗa ramin daidai.

"Kusan wata huɗu kuna shan ruwa a kansa, kuna ce min za a duba?"

"Hajiya, a yi haƙuri, wallahi ido bai kai ba."

"Mayar da shi inda ka cire shi."

Babaji ya sosa ƙeya. Ya ce sabon bai shiga sandar sitiyarin motar ba, haƙoransu ba ɗaya ba, shi ya sa ya yanke kan sandar ya yi mata waldar wani.

"Wa ya sa ka?"

"Ɗanki ya ce a yi a gama ranar."

Sagir ya sunkuyar da kai. Mairo ta ce ita dai a gwada. Babaji ya kwance noti, ya zare na robar, ya ɗora tsohon. Ta miƙa hannu ta taga ta murza shi da kanta. Ya yi ta juyawa fayau, tayoyi ko motsi.

Ta zare shi, ta rungume a cikin mayafi. Sagir ya buɗe mata ƙofa, ta ce ya tafi da motarsa, ta san hanyar gida.

Yanzu yana rataye a ƙusa, saman gadonta. Gefen da laima ta ci bai dawo ba. Kullum in ta idar da sallar asuba gari ya waye, sai ta lakato man kaɗe ta bi fatar a hankali, in ta zo ramin ta ɗan bar yatsanta a ciki, sannan ta fita ta hura wuta.