Kujerar Bayan Direba

A ɗakin guga na otal ɗin ba a san kujera ba. Akwai dogayen tebura, akwai dutsen guga mai tururi, akwai tulin zannuwan gado da rigunan filo da ba sa ƙarewa, amma abin zama ko na rantsuwa babu. Manaja ce ta sa aka kwashe su, wai zama ke kawo hira, hira ke kawo ƙonewar kaya. Sabuwa, kamar yadda ma'aikata ke kiranta don ita ce ta shigo ƙarshe, tana cikin watannin gwaji, kuma tun ranar farko ta ji labarin wanda ta gada. Ciwon baya ya yi ƙorafi a kai, aka ce ya je gida ya ɗan huta, har yau yana can yana hutawa. Shi ya sa ba ta gaya wa kowa cewa ƙafarta ta hagu, daga gwiwa zuwa ƙasa, ta roba ce ba. Doguwar riga ta rufa mata asiri, ɗingishin kuwa ta koyi haɗiye shi har sai ta fita daga ƙofar ma'aikata. Da wannan aikin take ciyar da 'ya'yanta, ba ta kuma da wani a bayansa.

Duk yinin Allah, wuri ɗaya take samun zama: kujerar da ke bayan direba a bas ɗin yamma. Ɗaya ce daga cikin kujerun gaba da aka manna wa hoton mai keken guragu da mai sanda da mace mai ciki. Haƙƙinta ne, don irinta aka ware ta, amma kullum zaman ɓarauniya take yi a kai, jaka a cinya, ido a taga. Yau dungun ƙafar ya kumbura tun azahar, safar da ke ciki ta jiƙe da gumi ta naɗe, duk takun da ta yi sai ta ji kamar an zuba mata tsakuwa a ciki. Da ta zauna ta miƙe ƙafar a ƙarƙashin riga, daɗin da ta ji har ƙwalla ya kawo mata.

"A'a, Sabuwa, ashe hanyarmu ɗaya?"

Ta waiwaya. Rediyo ce, abokiyar aikinta mai ninke tawul, wadda ba don Allah aka sa mata wannan sunan ba. Ba muguwa ba ce, abincinta ma tare suke ci, sai dai duk maganar da ta shiga kunnenta da safe, kafin a tashi aiki ta isa ofishin Manaja ta dawo. Yau mijinta bai zo ɗaukarta ba. Ta kutsa ta tsaya a kan Sabuwa, ta kama ƙarfe, ta ɗora daga inda ta tsaya a labarin mai girkin da ke neman mai shara.

Bas ya cika har ƙofa tana rufuwa da ƙyar. A tashar asibiti wani mutum ya hau da sanduna biyu a hammata, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an kama ta da fil. Nan take barci ya sauka a kujerun gaba. Wani ƙato mai kwat da ke ta latsa waya ya kifa kai, ya ma fara minshari don ƙarin shaida. Matar da ke ɗaya gefen, wadda ta ba wa katon ɗin kayanta, wani babban kwali, kujera guda, ta gano wani abin kallo a bayan taga. Sabuwa ce kawai ta manta ta rufe ido.

Wani dattijo mai tabarau, jarida a naɗe a hannu, irin waɗanda suka yi ritaya daga aiki amma ba su yi ritaya daga gyara jama'a ba, ya dubi mai kwat, ya dubi mai katon, ya auna su, sannan ya zaɓi mai rigar aiki.

"'Yar nan, ba ki ga hoton da ke kanki ba ne?"

"Na gani, Baba."

"Kin gani kike zaune? Ga bawan Allah da ƙafa ɗaya a tsaye, ke da ƙafafunki biyu lafiya lau kin miƙe su kamar a falon gidanku. Haka aka yi muku tarbiyya?"

Mutanen bas, da ma gajiya ta cika su suna neman inda za su sauke, suka samu. Wata daga baya ta ce matan yanzu ba tausayi. Wani ya ce ai hoton ado ne. Har mai kwat ya ɗan buɗe ido ɗaya ya girgiza kai, ya koma barcinsa.

Maganar tana bakin Sabuwa. Ba ma sai ta yi magana ba, ƙwanƙwasa ƙaurinta kawai za ta yi kowa ya ji ƙarar. Ta ɗaga kai, ta ga Rediyo tana kallonta cike da jin kunya a madadinta.

"Tashi mana, ƙawata," in ji Rediyo ƙasa-ƙasa. "Ai mun saba tsayuwa."

Ta tashi. Ta dafa ƙarfe, ta ɗora nauyinta a dama, ta jawo hagun ta cikin riga kamar mai gyara zama. Da dungun ya koma cikin ramin robar, wani zafi ya taso mata har tsakiyar kai, ta cije leɓe.

Mai sanduna bai zauna ba. Kallonta yake yi.

"Yaya, koma ki zauna. Ni nan gaba kaɗan zan sauka."

"Zauna, ƙanena, ba komai."

"Wallahi ki zauna."

Amma dattijo ya ci yaƙi, ba zai bari a mayar masa da ganima ba. Ya kama kafaɗar mutumin ya danna shi a kujera, yana cewa haƙƙinsa ne, kada ya ji kunyar kowa. Mutumin ya zauna dole, ya jingine sandunan a tsakanin cinyoyinsa.

Suka shiga cunkoso. Direba ya taka birki, ya saki, ya sake takawa, kowane takawa kuma a dungun Sabuwa yake ƙarewa. Ta ji fatar ta saɓule, ta ji ɗumin da ta san ba gumi ba ne yana bin safar. Ta fara lissafin gobe: ruwan gishiri, bandeji, ta kwana da ƙafar a kan filo, da safe ta cusa ta haka nan. Za ta iya. Ta sha yi. Ta gaji ne kawai, gajiyar da barci ba ya maganinta. Dattijo kuwa bai gama ba, ya juya yana yi wa na kusa da shi bayanin yadda ladabi ya ƙare a duniya, yana nuna ta da jarida a matsayin misali.

Mai sanduna kansa na ƙasa, idonsa a kan takalmanta. Na dama ya tsufa, ya lanƙwashe a wurin yatsu, ya karkace a dunduniya. Na hagu kuwa sumul yake, ko layi ɗaya babu, kamar yau aka ciro shi daga kwali. Wanda ya yi zaman layi a ɗakin gwajin ƙafar roba ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya ɗago suka haɗa ido. Ta girgiza masa kai kaɗan, roƙo ne, amma shi ya ɗauka kawaici ne irin na masu haƙuri.

"Baba, ya isa haka," ya ce da ƙarfi. "Ku ji tsoron Allah. Baiwar Allahn nan da kuke ta zagi ƙafar roba ce da ita. Ku dubi takalminta. Ni da ita duk ɗaya ne, ta ma fi ni jin jiki, don ni ba abin da ke gurzar nawa."

Idanu suka sauka a ƙafarta gaba ɗaya, har da na masu barci. Sai ga ladabi ya ɓarke ta ko'ina. Mai kwat ya miƙe zumbur yana kakkaɓe kujera da hannu. Mai katon ta ɗauke kayanta ta rungume. Dattijo ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "To ke ma, 'yar nan, ai sai ki faɗa. Mutum zai sani ne in ba a gaya masa ba?" Hannuwa suka kama ta ta kowane gefe, ana sannu, ana Allah ya ƙara lafiya, aka zaunar da ita a kujerar mai kwat kamar ƙwai. Mai sanduna ya yi mata murmushin wanda ya sauke nauyi. Ta ce masa ta gode, don ba shi da laifi, alheri ya yi niyya.

Rediyo ta karɓi jakarta ta riƙe mata. Idanunta sun cika da hawaye na gaske.

"Haba, ƙawata. Haba. Kina nan tsaye tun safe har yamma a kan wannan, ba ki taɓa cewa uffan ba? Ni ma har da bakina na ce ki tashi. Ki yafe ni."

"Ba komai. Don Allah, Yaya, maganar nan ta tsaya a bas ɗin nan."

"Ta tsaya ina? Ki kashe kanki muna kallo? Ai ba zan iya barci ba. Gobe da sassafe, kafin ma ki iso, zan shiga wurin Manaja da kaina. Mace ce, tana da zuciya. Dole a nema miki aikin zaune."

Sabuwa ba ta da sauran ƙarfin gardama. Ta jingina kai da gilashin taga. Kujerar mai kwat ta fi tata laushi, ga wurin miƙe ƙafa, zafin ma ya fara lafawa. Rediyo tana shafa mata kafaɗa tana jera irin kalaman da za ta faɗa wa Manaja, masu daɗi, masu ratsa zuciya. Ita kuwa tana bin otal ɗin a ranta, hawa hawa, ɗaki ɗaki, daga wurin wanki har kicin, tana neman inda ta taɓa ganin ma'aikaci a zaune. Har bas ya fita daga cunkoso ba ta samu ba.