Hoton da Inna Ta Ce a Goge

Duk macen da ke zuwa biki a Gwadangaji ta san Nuriyya mai hoto. Ba ta ɗaga kyamara a tsakar gida sai ta faɗi maganarta: "Ku saki jiki, idon namiji ba ya ganin wanga hoto." Kuma sai a saki jikin. Matan da ko zaure ba sa leƙawa su yar da mayafi, su ci ɗamara, su cashe har gumi ya wanke kwalliya. Ita ke ɗauka, ita ke bugawa a ɗakinta, ita ke miƙa wa kowace nata hannu da hannu. Ba ta taɓa kai aikin mata wurin masu wankin hoto na cikin Birnin Kebbi ba, inda samari ke zaune suna miƙa wa juna suna ƙus-ƙus. Da wannan amanar take ci, kuma Allah ya sa wa abin albarka.

Da kasuwa ta buɗe mata sai ta sayo sabuwar kwamfuta daga Sakkwato. Tsohuwar kuwa, wadda kafin ta tashi sai ta yi ta nishi, dama akwai mai jiranta: Riskuwa, ɗan kawunta, mai shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a Argungu. Ya dame ta da naci har ta gaji. Ta zauna ta goge hotunan kaf, ta zubar da kwandon sharar kwamfutar, ta duba lungu-lungu ba ta ga komai ba. Ran Asabar da hantsi ta naɗe kwamfutar cikin tsohon bargo ta shiga motar Argungu.

Riskuwa na hango ta ya fara washe baki, don taubasai ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"Lale! Baiwata ta kawo gaisuwa."

"Ubangijin da ke roƙon kwance? Allah wadan wagga sarauta. Zo ka ɗauka, hannuna ya sage."

Ya ɗauka ya ɗora a tebur, ya jona wayoyi, ya tayar da janareto. Sai ya tambaye ta ko ta goge kayan mutane.

Wai! Kamar ya taka mata gyambo. "Mi kake ɗaukata? Ni za ka koya wa riƙon amana? Kunna ka gani, ko ƙura babu."

"Awo, ƙura babu," in ji shi. "Amma in kin tumɓuke turken da ke nuna gonar wane ce a fadama, shinkafar ta tafi? Tana nan tsaye. Turken kaɗai kwamfuta ke cirewa. Hotunanki na nan kwance a faifan ajiyar da ke cikinta, sai ranar da anka huɗe gonar."

Ta ce ƙarya yake, irin cika bakin masu gyara ne. Bai yi musu ba. Ya zura wani faifan sidi, ya danna nan ya danna can, sannan ya saki labulen shagon, ya ɗauki kujerarsa ya kai bakin ƙofa, ya zauna ya ba allon kwamfutar baya.

"Ni ba ni dubawa. Ke danna inda nic ce, ki faɗa mani ko ƙarya nike."

Ta danna tana taɓe baki. Ba a jima ba bakin ya mutu. Ga su nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ga amaryar Ambursa da kitsonta a waje. Ga matar wani babban malami ta kama ƙugu tana juyi. Ga mai jego da ɗaurin ƙirji. Nuriyya ta waiga ƙofa. Wannan shago fa daga safe har yamma maza ne ke shige da fice, masu takardar neman aiki da masu katin biki. Da a ce wani ta sayar wa, ba Riskuwa ba? Hoto ɗaya ya fita gari, aure ya girgiza, ita kuma ba gidan da za ta sake taka wa ƙofa. Tsoro ya kama ta sosai.

"Innalillahi! Riskuwa, suna nan. Duka suna nan."

"To kin ji. Bari in zo in huɗe ta. Rufe su tukuna."

Ta kai hannu za ta rufe, sai idonta ya faɗa kan wani hoto can ƙasa, cikin na farko-farko. Ta tsaya cak.

Innarta ce. Inna Hodi, a bayan ɗaki, gaban tukunyar da take turara shinkafa. Ranar ce Nuriyya ta sayo kyamarar, tana ta neman abin gwaji. Inna ta sunkuya za ta ɗaga murfi, kallabinta ya zame ya faɗi, ta ɗago tana dariya, furfura a waje, wushiryarta a buɗe, tururi ya zagaye ta. Da aka nuna mata hoton a kwamfuta ta ƙara wata dariyar, sannan ta gimtse fuska ta ce, "Kaina ba kallabi? Goge shi gabana, ɗiyata. Ban yarda ya kwana ba." Nuriyya ta goge a gabanta. Damina ta zagayo Inna ta rasu, kuma duk duniya ba wani hotonta, don ba ta taɓa yarda ta tsaya an ɗauke ta ba.

Riskuwa ya ji shessheƙa a bayansa.

"Ke, lahiya? Mi ya faru?"

Ta faɗa masa. Shi ma abin ya taɓa shi, don Inna Hodi gwaggonsa ce, ita ta goye shi lokacin da uwarsa ke jinya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ba wasa a ciki, "Akwai sidi sabo a aljihun tebur. Kwashe wanga guda ɗaya, sannan mu share sauran. Uwarki ce. Wa zai ce kin yi laifi?"

Ai kuwa har ta buɗe aljihun teburin, ta ɗauko faifan. Tana son hoton nan, so mai ciwo. Ta riga ta ga inda za ta ajiye shi a ƙasan akwati, ta riga ta ga ranar da za ta nuna wa 'ya'yanta kakarsu. Amma duk yadda ta juya maganar, muryar Inna ce ke dawowa: ban yarda ya kwana ba. Ga shi kuwa ya kwana, ya yi shekaru yana kwana ba da sanin kowa ba. Yanzu ta sani. In ta ɗauka yau, da saninta ta ɗauka. Kuma duk matan nan da ke sakin jiki a gabanta, Inna ce ta fara ba ta amanar.

Ta mayar da faifan inda ta ɗauko shi.

"Ba ni ɗan lokaci," ta ce.

Ya ba ta. Ta zuba wa hoton ido ta sha kallo: zoben azurfan da ke yatsan Inna, tabon ƙuna a gwiwar hannu, zanen nan mai ruwan ganye da ya kode. Ta kalla har ta ƙoshi, ta yi mata addu'a, ta shafa. Sannan ta rufe komai.

"Juyo, ubangidan banza. Zo ka yi huɗarka."

Ya sauya faifai, ya ce wannan zai bi faifan ajiyar tun daga farko har ƙarshe yana rubuta sifiri a kan kowane gurbi, ya koma ya sake bi, yadda ko wane gwani ya zo ba abin da zai tono. Aikin ba na gaggawa ba ne. Suka bar kwamfutar tana ta gurnani suka shiga cikin gida, inda Mansura matarsa ta sauke tuwon shinkafa da miyar kifi, ragon ruwa ne ɗanye da aka kawo daga bakin gulbi da safen nan. Nuriyya ta ce ba ta jin yunwa, sannan ta cinye malmala biyu. Hira ta koma kan Inna: yadda ta taɓa bin Riskuwa da muciya har bakin masallaci saboda ya saci ƙanzo, da yadda take yi wa awakinta faɗa kamar masu jin magana. Suka yi dariya har Mansura ta ƙware.

Bayan la'asar aikin ya kammala. Riskuwa ya sake zura faifan farko, ya sake juya baya, don ya ce ba a gama aiki sai an gwada. Nuriyya ta danna, ta jira, ta sake dannawa. Fayau, ba ko inuwa. Ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ta ce alhamdulillahi da ƙarfi. Ta kuma ja masa kunne cewa ranar da sabuwar ta tsufa, ita ma nan za a kawo ta a huɗe kafin ta bar hannunta.

Ya rako ta tasha. Suna tsaye ana cika mota, ya yi ta murza hula, sannan ya tambaya.

"Wai ƙaƙa gwaggo take a hoton? Ni ban samu gani ba."

Nuriyya ta fara kwatanta masa. Ta sunkuya kamar mai ɗaga murfi, ta nuna yadda kallabin ya zame, ta ɗago, sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar tasha, wushiryarta irin ta Inna a buɗe, hawaye na bin kumatu.

Riskuwa ya tsaya yana kallonta. Ya share ido da bakin hannun riga.

"To ai na gani," ya ce. "Shiga mota, baiwata. Wanga kam ba ni da abin goge shi."