Dutsen Bai Bushe Ba

"Sauko min daga kan ƙofa, Tahlia. Ɗaki na ba ku haya, ban haɗa da katakon kicin ba."

Tana rataye da 'yan yatsu a saman ƙofar, ƙafafu a lanƙwashe. Ta diro tana yarfe hannu. Mijinta Rohan yana bakin taga da waya, yana duba ko masu hasashen yanayi sun canza magana tun dubawar da ya yi kafin ruwan shayi ya tafasa.

Tun da suka iso Blackheath daga Perth ruwa yake zuba. Sun tara hutun shekara don su hau duwatsunmu, ga shi ko igiya ba su warware ba. Sun yi kati har sun yi faɗa. Sun zagaye kantin tsofaffin kaya, Rohan ya sayo fitilar da ba ta kamawa. Sun je bakin gangare kallon kwari, hazo kawai suka gani suka dawo. Ni dai mahaya dutse sun daɗe da isata: mutum yana ƙasa lafiya lau, sai ya tafi sama neman abin da bai ajiye ba. Amma wanda ruwa ya tsare a gida ya fi kowa ban haushi.

"Ku ɗauki tukunyar nan ku biyo ni," na ce. "In rataya kuke so, maƙwabcina yana da wurin yi."

Shinge ɗaya ya raba ni da Des Harrigan. A jikin dutse ya yi ƙuruciya, a can ya tsufa, har ciwon huhu ya kwantar da shi. Asibiti sun sallamo shi, kuma duk layinmu mun san irin wannan sallamar. An kafa masa gado a falo, yana fuskantar ƙofar gareji, inda ya gina bangon katako na gwajin hawa, mai cike da makamai, wato wuraren kamawa da hannu.

"Glenys, kin sake kawo ruwan wanke-wanken?" in ji Des da ya gan ni.

"Miyar kabewa ce, tsohon banza. Ga baƙi, sun kusa rushe min gida."

Bai kalli fuskokinsu ba, hannuwansu ya kalla. Ya nuna gareji da haɓa. Rohan ya hau yana nishi, ya faɗo. Tahlia ta hau shiru har rufi.

"Ke da ƙafa kike hawa," in ji Des. "Mijinki da zuciya yake hawa, shi ya sa."

Daga nan ya ɗauko zancen da na san zai ɗauko. A wurin mahaya, wanda ya kafa ƙusoshi a sabuwar hanya yakan ɗaura jan ƙyalle a ƙusa ta farko. Ba mai taɓa hanyar sai ya hau ta da kansa, ko ya ba wani da bakinsa. Ƙyallen Des yana can jikin wani bangon dutse a gangare tun mijina yana da rai. In ya koɗe ya sake sabo. Matasa sun roƙe shi, sun zage shi a mashaya, ko gezau. Kullum wuri ɗaya yake faɗowa, wata 'yar makama kusa da ƙarshe wadda ba ta fi faɗin farce ba.

"Na ba ki hanyar," ya ce wa Tahlia, yana tsayawa jan numfashi tsakanin kalmomi. "Amma ki hau ina raye. So nake wani ya shigo ɗakin nan ya ce min tana hawuwa. In ba haka ba, ashe iska na yi ta kamawa."

Gidan Des ya koma wurin aiki. Yana kwance yana nuna musu hanyar da hannuwa a iska, dama nan, hagu can, a murɗa ƙugu. Rohan yana kwance makaman katako yana sake ɗaure su inda aka ce, ana yi masa tsawa. Tahlia ta hau, ta faɗo, ta sake hawa. Ni ma na kasa zama. In fita in kalli sama, in dawo in goge teburin da na riga na goge. Tsoro nake ji, kuma na rasa wanda zan huce a kansa sai Rohan.

Ranar Juma'a nas ɗin da ke zuwa duba shi ta tsayar da ni a bakin shinge, ta ce in kira ƙanwarsa ta taho yau. Tahlia tana bayana da kwandon shara, ta ji komai. Ruwan ya koma yayyafi. Ta ajiye kwandon ta shiga mota.

Bayan tsakar rana ta shigo falon da igiya a kafaɗa, gashinta yana ɗiga.

"Na je na gani, Des. Bangon a sunkuye yake, ruwa ba ya dukansa. Fuskarsa a bushe take. Yau zan hau."

"Kin tona ƙasar gindinsa?"

Ta ɓoye hannu a bayanta.

"Buɗe hannunki."

Ta buɗe. Laka ce a ƙarƙashin faratanta.

"To a'a."

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san dutsenmu na yashi ne. In ya sha ruwa ta ciki yake laushi, kamar biskit a shayi, ko da fuskarsa ta bushe. Na sani, amma a ranar ban damu ba.

"Des, dutse ne fa," na ce. "Bar yarinya ta je. Me kake tattali kuma?"

"In ta ja makamar nan yau, a hannunta za ta taho. Daga nan babu hanya, ba gare ta ba, ba ga kowa ba."

"Zan bi a hankali," in ji Tahlia.

"Ba a bin wurin nan a hankali. Na sani, na sha ƙasa a kansa."

"Jirginmu Lahadi ne, Des."

"Nawa ma ya kusa tashi." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, na tallabo kansa har ya lafa. "Ji nan, 'yar nan. In kika taɓa shi a jiƙe, na karɓe kyautata. Ina so in ji, ba ƙaramin so ba. Amma ba zan fasa abin da na tarar lafiya don in ji daɗin mutuwa ba."

Raina ya ɓaci sosai. Na tattara kofuna na shige kicin, na buɗe famfo don kada su ji ni. Da na fito, igiyar tana ƙasa kusa da takalma, Tahlia kuwa tana jikin bangon gareji. Ta bi makaman ɗaya bayan ɗaya yadda ya tsara su, ta kai kan 'yar ƙaramar, ta tsaya, ta miƙa, ta dafa rufi.

"Katako ne dai," in ji Des. Amma bai ɗauke ido daga kanta ba har ta sauko.

Ƙanwarsa ta iso da yamma daga Lithgow. Washegari, wajen ƙarfe uku, ruwa yana ta dukan kwano, ina jiƙa masa leɓe da auduga, ya ja numfashi bai mayar ba. Muka jira na gaba, mu biyu, har ta kai hannu ta rufe masa ido.

Lahadi gari ya waye tas, babu ko ɗigon gajimare. Rufin gidaje yana tururi. Rohan yana cusa jakunkuna a bayan mota, ya ɗaga kai ya kalli sama.

"Da jibi ne fa ya bushe," ya ce.

"Rufe min baki, Rohan," in ji Tahlia.

Ta rungume ni, ta shiga gaba ta zauna. Motar ta sauka titi ta nufi Sydney, ba su bi ta hanyar gangare ba.

Na shiga gidan Des na yaye zannuwan gadon, na wanke, na shanya a bayan gida. Iska tana kaɗa su. Kafin tsakar rana sun bushe ƙayau.